Lambar da Aka Sa wa Raunina a Greensboro

Mun tashi da asuba daga Atlanta, ko shayi ban sha ba. Maƙwabciyata ce ta ɗauke ni a motarta, wata Hajiya 'yar Kumasi. Greensboro muka nufa, garin da na bari wata bakwai da suka wuce da ɗinki a nonon dama.

Ga dalilin tafiyar. A can na yi aiki a wani sito na kayan katako. Wata rana siririn ƙarfen da ake ɗaure kwali da shi ya tsinke, ya yanke ni ta cikin riga. Mai kula da mu namiji ne, ban gaya masa ba. Na shiga banɗaki, wata abokiyar aikina ta ɗaure ni da ɗankwalinta, na ƙarasa aikina na tafi gida. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ni. Aminin marigayi mijina, dattijo, shi ya kai ni asibiti, shi ya yi mini tafinta. A gaban Alhaji zan buɗe baki in ce nono? Na sunkuyar da kai. Ma'aikatan asibitin suka tambayi inda abin ya faru. Shi daga gida ya ɗauko ni, sai ya ce a gida. Aka ɗinke ni aka sallame ni.

Ciwon bai warke ba. A Atlanta, inda na koma wajen ƙanwata, hoto ya nuna akwai guntun ƙarfe a ciki, sai an yi aiki an cire. Inshorar wurin aikina ta ce ba ruwanta, takardar asibiti ta ce a gida na ji ciwo. Gyaran wannan takarda ya fito da ni.

Hanya shimfiɗe take, ba rami ko ɗaya, amma kusan awa biyar na yi ina riƙe da bel ɗin mota da hannu don kada ya danna wurin. Itatuwa hagu da dama, manyan motoci kamar ba za su ƙare ba. A South Carolina muka sha mai, can ya fi sauƙi. Hajiya ta sayi kofi dala biyu, ta kurɓa ta ce ruwan wanke tukunya ne. Muka ci dambun naman da ta zo da shi. Gaba kaɗan akwai wani ƙaton tankin ruwa da aka yi da siffar ɗan itace. Ta dube shi ta ce, “Wannan ai mazaunai ne, ko zani ba su ɗaura masa ba.” Na yi dariya, wurin ya soke ni, na daina.

Kafin azahar muka shiga gari. Taswirar waya ta bi da mu ta unguwar Irving Park, gidaje manya, ciyawa a aske, ba kowa a waje sai masu yanke ta.

Ofishin takardun asibitin yana ƙasa, ba taga. Wata baƙar mata mai furfura ta karɓe mu da mutunci. Ta kira tafinta a waya. Murya ta fito, namiji, Hausar Kano.

Ta juyo da kwamfuta ta nuna mini harafi ɗaya da lambobi. Ta ce kowane rauni da lambarsa: wane ɓangare ne, yanka ne ko huda, akwai wani abu a ciki ko babu. Akwai kuma wata lambar ta inda abin ya faru. Tawa ta ce yanka, ba komai a ciki, a gida. Inshora ba ta ganin mutum, lamba take gani.

Tafintan ya ce, “Mama, ta ce ki faɗa da bakinki yadda aka yi.”

Hajiya ta zungure ni. “Faɗi, 'yar'uwa. Ba ganinki yake yi ba.”

Na faɗa. Na ce ƙarfe ya yanke ni a nonon dama, a wurin aiki, ina tsaye ina kwance kwali. Ko tari tafintan bai yi ba, ya juya maganar kamar na ce hannu. Duka bai kai minti ɗaya ba. Wannan minti ɗayan ne na kasa wata bakwai da suka wuce.

Matar ta rubuta, sannan ta ce ita ba ta da ikon canza lamba. Abin da likita ya rubuta take mayarwa lamba. Ta cika mini takardar neman gyara, na sa hannu. Ta ce maganar ƙarfen mai yiwuwa ce, tunda akwai hoto. Maganar wurin aiki kuwa, tunda ban kai rahoto ranar ba, sai da wanda ya gani.

Mutum ɗaya ce ta gani, abokiyar aikin nan da ta ɗaure ni da ɗankwalinta. Muka same ta a East Greensboro, bayan wani coci, ta dawo daga aiki ke nan. Ta shimfiɗa mana sallaya, ta zuba mana shinkafa da wake. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ajiye cokali.

“Anti, 'ya'yana uku, kuma har yanzu a can nake aiki. In suka ce me ya sa na ɓoye?”

Na ce ɗankwalin fa?

“Na wanke shi tun ranar.”

Ban roƙe ta ba. Da ni ce a wurinta, ban san me zan ce ba. Na cinye abincina na yi godiya. Ta rako mu har mota tana kuka, ni ban yi ba.

Gidan Alhaji ban je ba. Har yau bai san inda ƙarfen ya same ni ba, yana cewa ciwon ƙirji.

A komawa Hajiya ba ta kunna rediyo ba. Muka sake wuce tankin nan. Da isha muka isa gida. Ƙanwata ta buɗe ƙofa ta dubi fuskata, ba ta tambaya ba.

An ce in jira wasiƙa. Ina jira, ƙarfen yana nan, in na kwanta ta dama ina jin sa. Abin da na koyo kaɗan ne. Mata 'yan'uwana da ke aiki a ƙasar nan, in abu ya same ki, faɗi sunan wurin a ranar, a gaban ko waye. Ni na ji kunyar dattijo ɗaya, yanzu likita huɗu sun buɗe rigata.