Akwatin da na bai wa taubashina

Ni dai karatuna a aji huɗu na lakwal ya tsaya, amma huɗu ne masu albarka. Da su na yi shekaru ina yi wa ma'aikatan allurar dabbobi tafinta, daga Tanut zuwa Gangara har rijiyoyin Belbeji. Su yi faransanci in mayar Hausa, makiyayi ya yi tasa Hausar mai gishirin Buzanci in mayar musu. Abin da ban gane ba sai in cike da nawa, kuma har na bar aikin ba raƙumin da ya taɓa kai ƙarata. Na faɗi wannan ne don a san ba jahili ke magana ba.

Autata mace ce. Ta yi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa a Yamai, abin da muke ce wa ordinater, can kuma take aiki. Bara bayan kaka ta aiko cewa za ta zo hutu. Na sa aka ɗaura sabuwar rumfa da zana, na sayi tabarma, na goge ordinater ɗin da wanta ya aiko mini daga Aljeriya, siriri kamar allo, wanda nake kallon kokowa a ciki. Na ce a raina, yarinyar nan za ta zauna gefena tana aikinta, masu wucewa su gani su san gidan wa ilimi ya sauka.

Kafin siririn nan akwai wani. Wani furoje, aikin raya karkara, da ya naɗe kaya ya bar mini tsohon ordinater, ƙaton akwati mai gurnani kamar injin niƙa. Da sabo ya zo, sai na ɗora tsohon a kan jaki ranar wani suna, na kai wa taubashina, ɗan kawuna, a gaban jama'a. Na ce: "Ga naka, bawana. Tsoho sai tsoho." Aka yi ta dariya. Mutumin nan tun muna yara muke takun saƙa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Igiya yake tufka yana sayarwa a kasuwa, ko ƙofar lakwal bai taɓa leƙawa ba. Ya karɓi akwatin ya ce Allah ya saka, jikokinsa suka riƙa buga karta a ciki.

Washegarin isowarta ta zauna a rumfa kamar yadda na tsara. Ta buɗe tata na'urar, ta duba siririna, ta yaba. Sai ta ce:

"Baba, ina tsohon akwatin nan mai gurnani?"

Na ce na yi sadaka da shi. Na tambayi me za ta yi da gawa ga mai rai a gabanta.

Ta yi mini bayani, zan kuma maimaita shi yadda na fahimta, wanda ya fi ni ya gyara. Akwai wani yare da ake rubuta wa na'ura umarni da shi, ana so a koyar da shi a lise-lise, wato makarantun sakandare na ƙasarmu. Ita da abokan aikinta ke haɗa ƙunshin da za a zuba wa kowace na'ura don yaren ya zauna a cikinta. Amma na'ura ba ta jin rubutun mutum sai an juya mata shi zuwa nata harshen, mai juyawar kuma shi ne kompilater.

Na ce: "Tafinta ke nan. Ai kin zo gida."

Ta ce haka ne, sai dai tafintan iri-iri ne, akwai na da, akwai na tsakiya, akwai na bana. Na bana ya fi sauri, masu shi kuma suna kula da shi, amma abin da ya juya sababbin na'urori kaɗai ke ganewa. Na da kowa na jin sa, sai dai masu shi sun sake shi, in ya yi kuskure ba mai gyarawa. Abokan aikinta na Yamai sun nace sai na bana, don na'urorinsu duka sababbi ne. Ita kuwa ta san irin tarkacen da ke makarantun Damargu. Tana so ta haɗa ƙunshin da kowane tafinta, ta gwada a kan tsohuwar na'ura ta gaske, ta nuna musu da ido.

Na tura mata siririna. Na ce ga shi, a gwada.

"Baba, naka komai aka ba shi haɗiyewa yake. Ba zai gaya mini komai ba."

Ka ji fa. Lafiya ta zama laifi. Na ce in tsufa ake so ai ana iya sa shi, in bar shi a rana, awaki su ɗan taka. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta yafa mayafi, ta nufi gidan mai igiya.

Daga ranar rumfata ta zama ta kaji. Da hantsi ta fita, sai la'asar ta dawo, ta dawo kuma a ƙoshe. Wai Baffa ya dafa mata shayi, Baffa ya ba ta cuku, Baffa ya ce kaza. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba! Ni da na yi tafinta da bakina ina zaune, ana shawarar tafinta da mai tufka. A kasuwa na ji shi da kunnena yana gaya wa wasu mutanen Falanko cewa kwanakin nan ba ya samun sukuni, shi da 'yarsa suna wani aiki da Yamai. 'Yarsa. Na tsaya na taya igiyar da ba na bukata don kawai in ce masa tufkar ta yi sako-sako.

Na riƙa bi ta ƙofar gidansa ina neman akuyar da ke ɗaure a gidana. Ta kan katanga nake jin gurnanin akwatin da dariyarsu. Mai ɗakina ta ce:

"Malam, akuyar nan dai kullum hanya ɗaya take ɓata."

Na ce mata dabba ma tana da inda ta saba.

"In kishi kake ka faɗa, a dama maka fura da shi."

Ni ba kishi nake ba. Ina dai lissafin cewa hutun yarinya na ƙarewa, kuma abin da na samu daga ciki shi ne gaisuwar safe da ta yamma, kamar maƙwabci.

Kyauta dai ba a karɓe ta, wannan ko yaro ya sani. In na je na ce a ba ni akwatina, har in mutu ana ba da labarina a wurin suna. Amma magabata da suka hana wannan ƙofar sun bar wata a buɗe: taubashi yana shiga gidan taubashi ya ɗauki abin da idonsa ya so, ba mai kiran sa ɓarawo. Shi kansa ya taɓa ɗauke mini zakara ana gobe salla. Saboda haka ranar kasuwa, yana can yana yi wa mutane ƙaryar igiya, yarinya kuma ta tafi gaida gwaggonta, na ɗaura wa jaki amalanke. Matarsa na ganina ta gane, ta kama dariya, har ita ta taya ni ɗaukar gilashin da akwatin ke nuna rubutu a kansa. Na bi ta babbar hanya da gangan, ina amsa gaisuwa.

Na jera komai a rumfa, na haɗa wayoyi yadda na ga ana yi, na zauna ina jira. Da ta dawo ta gani, ba ta yi dariya ba.

"Baba, a amalanke ka ɗauko shi? Ta hanyar nan mai duwatsu?"

Ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, akwatin ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Ta zauna ta dafe kai. Ta ce gwaji biyu suka rage mata, kuma in wannan ya tafi, ba wani irinsa a kusa sai ta koma Damagaram ta roƙi na wata makaranta, gobe-goben nan. Wato na ɗauko akwati don in tsare 'yata a gida, ga shi akwatin zai kore ta daga garin ɗungurungum.

Ta ce a gidan Baffa ma ba ya tashi haka kawai. Wayar bayansa ta saki, sai Baffa ya riƙe ta ta wata karkata da shi kaɗai hannunsa ya saba, fankar cikinsa kuma ta daɗe da mutuwa, sai ana yi masa fifita.

Na sa takalmi na koma kasuwa. Na same shi ya riga ya ji labari, ya miƙe ƙafa yana jirana.

"A'a, bawana! An ce ka yi sabon kaya."

Na ce ya taso, yarinya na nemansa.

"Yarinya ko kai?"

Na ce yarinya.

"To ta zo da kanta, ta san hanya."

Mutane sun fara taruwa. Na rage murya na ce ni ne.

"Ban ji ba, kunnen ya tsufa. Tsoho sai tsoho."

Na faɗa da ƙarfi har masu sayar da kanwa suka juyo. Sannan ya tashi, ya miƙo mini ɗaurin igiyoyinsa in riƙe masa, ya shige gaba.

A rumfata, a kan sabuwar tabarmata, ya zauna a wurina. Ya zura hannu bayan akwatin, ya karkata wayar, ya yi bisimilla. Gurnani ya tashi. Wallahi ban taɓa jin ƙara mai daɗinta ba, ban kuma taɓa jin haushin wata kamarta ba. Ya ɗauki faifan mai ɗakina ya miƙo mini.

"Hannuna ɗaya na aiki, ɗayan na shayi ne. Yi masa fifita, mai ilimi."

Haka aka ƙarasa gwajin, ina fifita. Ƙunshin tafintan bana ta riga ta gwada shi a gidan mai igiya, akwatin ya tofar. Ta zuba na tafintan da, ya shiga. Ta zuba na tsakiya, aka jira, akwatin ya yi nishi kamar raƙumin da aka yi wa lodi, ya yi tsit har na ƙara ƙarfin faifai, sannan rubutu ya fito. Ta yi tafi. Ta ce shi ke nan, na tsakiya za a ɗauka, shi ne mafi sabunta a cikin waɗanda tsohon ya yarda da su, kuma masu shi ba su sake shi ba tukuna. Ta ɗauki hoton gilashin ta aika Yamai. Na leƙa hoton daga baya. Hannun mai igiya ya fito sosai har da zobensa. Ni gefen faifai kawai aka gani.

Ba ta tafi Damagaram ba. Sauran hutun duka a rumfata ta yi shi, wannan kam na samu, ba mai ƙwace mini. Sai dai mai igiya ma a nan ya yi shi, yana cin tuwona yana gyara mini riƙon faifai.

Akwatin na nan gidana har yau, don shi ya ƙi ɗauka. Ya ce abin da taubashi ya ɗauka ya ɗauku. Yana dai zuwa duba lafiyarsa, kuma lafiyar ba ta dubuwa sai daidai lokacin da aka sauke tukunya. Yarinya in ta bugo waya daga Yamai ni take fara gaisarwa, na lura da wannan, ina kuma so a rubuta. Ta tambayi ƙafata, ta tambayi uwarta, ta tambayi hatsi. Daga nan sai in san abin da ke tafe.

"Baba, ya akwatin Baffa?"