Kazar Ƙarfe da Wayar Ƙofarta

Shekara bakwai ke nan, daminar bana, da anka ɗauke shi daga tsakar gidan nan anka kai shi makwanci. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake yi, surukata Balki tana rubutawa. Da za mu fara ta ce, "Inna, wane suna za ni sa a sama?" Na ce ta bar wurin haka nan. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba tun ranar da anka raɗa mishi shi. Ita kuwa mijinta ne, hannunta ba ya iya rubuta shi. To, masu karatu, sai ku yi muna haƙuri. Mata biyu za su ba ku labarin mutum guda, kuma babu wadda za ta kira shi.

Haka munka taras ana yi, haka munka yi. Ban goya shi gaban mutane ba. Da anka yaye shi, kakarsa ta ɗauke shi zuwa Kurawa, can ya girma. Da ya dawo da gemunsa da matarsa, idan ya shigo gaisuwa sai in dubi ƙasa in amsa. In ya yi abin kirki ban yaba ba, in ya yi ciwo ban nuna ba. Mai gyaran rediyo ne. Ran kasuwar Isa ko ta Bafarawa shina ɗaure jakarsa bayan babur ya tafi, ni kuwa ina zaune bakin rumfa da kabata ina saƙar tabarma, kunnena na bin ƙarar babur ɗin har ta ɓace.

Ku da ke birni ba ku san halin zabuwa ba. Ta iya zuba ƙwai cikin ciyawa da damina, amma ba ta da haƙurin kwanci. Sai mu tsince mu sa wa kaza, kaza kuwa abin da fiffikenta ya rufe kaɗan ne. Wata rana sai ga shi da mataccen firji bisa amalanke. Mutane sunka yi ta dariya. Ya sa fitilu a cikinsa don ɗumi, ya sa ƙaramar fanka, ya aza faifan sola bisa ɗaki, ya aje batir a gindi. Jikin ƙofar, ta waje, ya manna wani ɗan akwati mai gilashi da ke nuna jan lamba. Ya ce wa Balki wannan ne kan, shi ke kunna ɗumin ya kashe. Tsakanin kan da cikin akwai wata waya mai faɗi, shafal awa ganyen kaba, launin toka, silinta a jere manne da juna, na gefe guda ja. Da ɗiyan zabbi na fari sunka fito, dariya ta ƙare. Matan gari sunka fara kawo ƙwansu, kowacce ta yi wa nata alama da gawayi. Sunka raɗa wa abin suna Kaza, sunka liƙa mata sunansa a baya. Ni kaɗai ke ce mata kazar ƙarfe.

Aibinta guda ne. Safe da marece ana buɗe ƙofa a juya ƙwai, wayar nan kuma ta wurin da ƙofar ke juyawa ta bi. A buɗe ta lanƙwashe, a rufe ta miƙe, har wata rana ta karye. Irinta ba a samu nan kusa, daga cikin wata matacciyar na'ura ya ciro ta. Ina zaune ina kallonsa ta gefen ido, ya sa reza shina son raba silin, rezar tana yanke mishi su. Ya yanke gefe da gefe daidai wa daida, ya haɗa su duka wuri guda, sunka yi ƙulli, wani na taɓa wani. Ya kwance, ya sake, ya kwance.

Ban yi mishi magana ba. Balki na kira.

"Ki gaya wa wancan, kaba ba a tsaga ta da wuƙa, da farce ake tsaga ta. Kuma mai saƙa ba ta ƙarin kaba wuri guda. Wannan nan, wancan gaba kaɗan, sai tabarma ta kwanta."

Balki ta juya za ta maimaita, ya ce, "Na jiya. Ki ce wa Inna ni ba ni da farce."

Ita ta kawo mini wayar. Na sa farcen babban yatsa, sili ya rabu da sili ba gardama. Ya matso da kujerarsa har gefen tabarmata. Ya rage tsawonsu hawa-hawa, wannan ya ɗara wancan, ya fere bakin kowane, ya sa ja ya auri ja, sauran sunka biyo sahu. Balki na fifita garwashi, shina ɗauko ƙarfen dalma da zafinsa shina ɗiga wa kowane gaɓa, ni ina riƙe mishi silin. Tun ranar da anka yaye shi ban zauna kusa da shi haka ba. Na ga furfura biyu a gemunsa. Na ga yatsunsa irin na ubana ne. Bayan wannan, duk lokacin da wayar ta karye, sai in ji ya ce, "Balki, ki dubo ko Inna ta yanke farce." Ban ƙara yanke na babban yatsa ba. Allah Ya sani, akwai daminar da na yi ta jiran wayar nan ta karye.

Zazzaɓi ya ɗauke shi, bai yi dogon kwanci ba. Ban yi kuka gaban mutane ba, don ba a yi. Da Balki ta fita takaba danginta sunka zo ɗaukarta, ta ce ita da ɗiyanta da kazar nan suna nan.

Ina yawan tambayar kaina, da zai leƙo yau, mi zai ce? Hanyar Isa da yake bi shina waƙa bisa babur, yanzu mutum sai ya yi sallama da iyalinsa kafin ya hau ta. Gonakin nesa sun koma daji. Rugagen da matansu ke kawo muna nono, wasu an kore musu shanu, sun dawo cikin gari suna raɓe a zaurukan mutane. Shi mai son a buɗe ƙofa ne, zai taras kowa na rufewa. Amma ina jin abin da zai fara tambaya shi ne ko an juya ƙwai.

Cikin waɗanda sunka dawo gari akwai Hajo, Bafillata, mai ɗiya ƙanana. Shanunsu sun tafi, mijinta ya bi sawunsu bai dawo ba. Farkon daminar nan ta shigo da ƙwarya rufe da zane. Ƙwan zabbinta ne, ta koma tsohuwar rugarsu da rana tsaka ta tsinto su cikin ciyawa.

"Inna, abin da ya rage mini ke nan. In sun fito, su ne shanuna."

Munka sa su. Sun yi nisa, har in ka kara a kunne kana jin motsi, sai wata safiya anka tashi da ruwa da sanyi. Balki ta buɗe ƙofa ta juya ƙwai, ta rufe, jan lambar ta ɗauke. Fitilun ciki sunka mutu, fanka ta tsaya. Wayar ce ta karye, ɗan gaba da gyaransa na ƙarshe, wanda ya riƙe duk shekarun nan. Mai gyara sai a garin Isa, kuma ranar babu mai babur da zai yarda ya fita. Ƙwai kuwa ba ya jira.

Munka lulluɓe su da bargo, munka sa tukunyar ruwan ɗumi a ƙasan firjin. Hajo ta zo ta tsaya bakin ƙofa.

Balki ta ce, "Inna, ni fifita wuta kawai na sani."

Na ce, "Kin fifita kina kallo. Ɗauko ƙarfen."

"Ke kuma idonki?"

"Farce ba ya buƙatar ido. Ke dai ki nuna mini ja."

Ta aza yatsana bisa jan silin. Daga nan na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tsagawa, ina faɗa mata inda za ta rage, wannan nan, wancan gaba kaɗan. Dalma ta ɗiga mini a yatsa, ban janye shi ba. Da ta gama ta ce mu kunna. Na ce a'a, tabarma sai an ja ta kafin a shimfiɗa. Na ja kowane sili a hankali. Ɗaya ya zame ya fito. Ta sake ɗiga mishi dalma, na ja, ya riƙe. Ta naɗe kowane gaɓa da salatif, ta maida wayar gurbinta, ja ta inda ja yake. Ta yi bisimilla ta haɗa batir.

Ni ban ga lambar ba. Fankar na ji. Sannan na ji Balki ta zauna ƙasa tana kuka irin wanda ba ta yi ba tun fitarta takaba.

Ba mu san ko mun makara ba sai da ranarsu ta zo. Wasu ba su fito ba, sanyin ya riga mu. Amma mafi yawa sun fasa, sunka cika kwando da tsuwa. Hajo ta durƙusa tsakar gida ta ɗaga hannu, ta kira sunansa da ƙarfi har sau uku, tana roƙon Allah Ya yi mishi rahama, da Hausa da Fillanci. Na dubi ƙasa, Balki ta dubi ƙasa. Babu wadda ta ce mata ta rage murya.

Bai bar gona mai yawa ba, bai bar gini ba. Ya bar tsohon firji, da wayar da kowane gyara ke rage mata tsawo. Na san wata rana za ta gajarce har ta kasa kai wa ƙofa, na san kuma farcena ba zai daɗe ba. Na fara koya wa Balki tsaga kaba, ta bar na babban yatsanta ya yi tsawo. Kafin nan, kowace safiya sai wata mace ta yi sallama da ƙwarya a hannu, ta tambaya ko akwai wuri a cikin Kazar, ta faɗi sunan ta cika shi. Ni kuwa tun tsufa ya kama ni an san kunnena ya yi nauyi. Sai in ce mata, "Mi kika ce, ɗiyata? Ƙara faɗa."