Waƙoƙin Garaya da Suka Ƙi Fita Daga Wayata

Muna sallame sallar asuba muka bar Jigwada, ni da ƙanena da ke tuƙi, muka nufi wata ruga bayan Panda. Can abokina na ƙuruciya yake, makiyayi ne da idanunsa suka mutu bara. Ya aiko mini cewa kaɗaici ya dame shi, in nemo masa kiɗan garayar da muke ji muna samari.

Na sami kiɗan a wani kantin waƙoƙi na intanet. Iri biyu suke sayarwa, mai sauƙin nauyi da mai nauyi wanda ya fi tsada. Na ɗauki mai nauyin, domin har jan numfashin mawaƙin ana ji.

Ruwan damina ya cinye hanya. A Gitata muka ci gasasshiyar masara, mai sayarwar ta rantse man fetur ne ya tsadantar da ita, ko da yake gonar tana bayanta.

A Panda na tsaya wurin mai cajin waya, don ya zuba mini waƙoƙin a katin ƙaramar rediyon da na sayo wa abokina. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya miƙo mini wayar.

"Baba, a kulle suke. Sauraro ka saya, ba waƙar ba. Kuma in wayar ta daɗe ba ta ga sabis ba, kai ma za su hana ka."

Na tuna zamana a Agadas da Omdurman ta Sudan, inda mutum kan sayi kaset ɗaya unguwa duka ta kwafa. Sautin yakan dushe kamar daga rijiya yake fitowa, amma kowa da nasa.

A rugar, bayan fura da nono, na kunna wa abokina waƙoƙin daga wayata. Yana sauraro, yatsunsa na motsi a kan sandarsa. Da na faɗa masa abin da ya faru, sai ya yi dariya.

"Kaɗo ke nan! Ka sayi saniya, an ce ba ta kwana sai a garken mai sayarwa."

Dariyar ba ta daɗe ba. A hankali ya tambaya ko in na tafi, kiɗan ya tafi ke nan.

Uwargidansa, wadda ke kai nono Panda ranar kasuwa, ta ce, "Alhaji, in sabis ne abincin wayar, ai ina shiga gari."

Na cire layina, ƙanena ya sa wani, na bar masa wayar. Yanzu duk ranar kasuwa tana tafiya a kan ƙwaryar nono, ta sha iskar gari ta koma.

A hanyar komawa mun iso Keffi da la'asar, aljihuna ba waya. Na koyi cewa kafin in sake sayen waƙa a intanet, zan fara tambaya ko ana iya bayar da ita kyauta ga wani, kafin in tambayi kyan sautinta.