Laimar Kwaɗi a Lambun Inna

A daminar da na dawo gida bayan kammala jami'a, Inna ta riga ta rasu, ɗan lambun da ke bayan ɗakinta kuma ya dawo hannuna. Alayyafo ne da yakuwa da rama, sai ɗoɗɗoya a gindin darni. Tun tana raye maƙwabtanmu ba sa sayen ganye. Da hantsi mace za ta yi sallama, ta tsinki na miyarta, ta zauna a taɓa hira. Baba a gona yake wuni, saboda haka in ba su ba, babu mai shigowa gidan.

Na zuba takin shanu wanda, a iya fahimtata, bai gama ruɓewa ba. Bayan wani ruwa mai ƙarfi sai laimar kwaɗi ta fito fara fat a tsakanin alayyafon. Na duba a waya, na kwatanta hotuna. Akwai irin da ake ci, akwai mai kisa, na kuwa kasa gane wacce ce tawa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta shigo da ƙwaryarta.

"'Yar boko, wannan abin ba ya ɓata ganye ko?"

"Abin da na karanta ya nuna ba ya ɓatawa, Gwaggo, muddin an wanke. Amma ban san irinta ba, don haka ba zan ce na tabbata ba."

"To, a ci ko kar a ci?"

"Mai yiwuwa a ci."

Ta yi dariya. "Ni da jikoki cike da ɗaki, ki ce mini mai yiwuwa? Allah ya ƙara ilimi." Ta kife ƙwaryarta ta fita.

Maganar ta zaga unguwa, sallama ta ɗauke. Kowace safiya nakan tuge laimar, in binne ta inda awaki ba sa kaiwa, in sassauta ƙasar ta sha iska. Na dafa alayyafon, ni da Baba muka ci, babu abin da ya same mu. Sai a lokacin na ga ina da hujjar da zan kai wa Gwaggo.

"Madalla," ta ce, tana tsinke rama a faifai. Daga lambun wata da aka auro daga wajen Minjibir ta samo ta, can matan suka koma.

Mutum biyu ba sa cinye lambu. Alayyafon ya yi tsawo, ya fara fitar da kai. Na yanke shi, na shanya a tabarma a tsakar gida, na zauna ina korar kaji.