Saniyar Inna da Albasar Baba

A gidanmu na Aliero akwai saniyar da muka girma da ita ba tare da mun taɓa ganin ko jelarta ba. Saniyar Inna ce. Mahaifinta ya ba ta ita tana karsana, lokacin da za a kawo Inna gidan Baba daga rugarsu ta wajen Maiyama, kuma bisa al'adarsu aka bar ta cikin garke tana haihuwa, 'ya'yanta na haihuwa, duk da sunan Inna. Mu dai labari muke sha, ba nono ba.

Duk ranar da aka sayo nono a kasuwa sai Inna ta tsoma ludayi, ta ɗaga, ta zuba shi daga sama tana kallo kamar alƙali. "Ruwa na da garin madara," in ji ta. "Ranar da saniyata taz zo, za ku san abin da aka ce ma nono." Mun ji wannan magana, maƙwabta sun ji, har matan da ke tallar nonon sun ji. Baba ya fi kowa jin ta, sama da shekara arba'in, kuma amsarsa ba ta taɓa canzawa ba: "Allah shi kawo ta lahiya."

Shi Baba manomin albasa ne, irin wanda ya raba mutanen duniya gida biyu: masu noman albasa da waɗanda Allah ya jarraba. Mura, albasa. Ciwon ciki, albasa. Harbin kunama, a yanka albasa a goga. Baƙo kuwa, ko gaisuwar mutuwa ya zo, ba ya fita gidanmu hannu sake, domin a wurin Baba sallamar baƙo babu albasa rowa ce da ba ta da kaffara. Warinta ya kama rigunansa har da ta Sallah. Da na koma Jega aikin koyarwa, abokan aikina sun san garinmu kafin in buɗe baki.

Saniyar ta zo ne lokacin da muka daina jiranta. Kawu, ƙanen Inna, ya jawo ta wata safiya, ya ce su ma za su tashi su yi kudu, don makiyaya da burtali duk sun zama gonaki. Gonakin me, babu wanda ya faɗa a gaban Baba. Karsanar asali ta daɗe da mutuwa, wannan jikar jikarta ce, fara, mai tozo, da ciki.

Washegari Baba ya fito da ƙwarya babba, ya tsaya a bakin turke.

"Malam, mi za ka yi da ƙwarya?" in ji Inna.

"Nonon da anka daɗe ana yi muna alkawali."

"Sai ta haihu. Ka taɓa ganin macen da ka shayarwa ba ta haihu ba?"

Ya tambayi saura yaushe, aka ce watanni. Ya mayar da ƙwaryarsa yana cewa albasa ta fi ta gaskiya.

Inna kuwa ta zama wata. Matar da ke kukan gwiwa kullum, sai ga ta tana ɗaukar dami. Tana shafa wuyan saniya tana yi mata Fillanci, harshen da ban taɓa jin ta yi ba sai in tuwo ya ƙone. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba, domin ni ba a taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Amma na gane abin da take jira. Iyayenta sun rasu, danginta sun tashi, inda aka haife ta an ja kunya an dasa iri. Abin da ya rage mata na gidansu shi ne ɗanɗanon kindirmon mahaifiyarta, wanda ta ajiye a harshe tun tana amarya, kuma tana so ta sake jin sa ko sau ɗaya kafin ta bi su.

Saniya ta haihu daidai lokacin cirar albasa, tsakar gida ba wurin taka ƙafa. Baba ya sake fitowa da ƙwarya. Aka ce a'a, nonon farko, dakashi, mai kauri rawaya-rawaya, na maraƙi ne, shi ke ƙarfafa masa jiki. Da wannan ya wuce, aka ce saniya ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara kama hantsa, kuma in an tatsa dole a rage masa rabonsa. Baba ya ce bai taɓa zaton zai tsufa yana bin layi a bayan maraƙi ba.

Mai shayarwa takan faɗa, saniya ta faɗa. Inna tana ba ta dusa da harawa da ruwan kanwa. Baba yana kallo, abin yana ci masa rai: baƙuwa daga gidan surukai, mai jego, a tare ta da dusa alhali rudu, rumbun ajiyarsa, cike yake da albasa har baki? Sai ya shiga yi mata abin da yake yi wa kowane baƙo. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba, Inna na madafa, sai ya zagaya turke da kwando. Ba ruɓaɓɓiya yake kai mata ba, Allah ya kiyaye. Manya jajaye yake zaɓa, ya yanka mata da wuƙarsa, ya ɗora ɗanyen lawashi a kai. Bai gaya wa kowa ba, yana jiran ranar da za a yabi nono ya fito ya karɓi ladansa. Duk wannan daga baya muka sani. A gidan da ko ruwan randa warin albasa yake yi, hancin Inna bai kama komai ba, kuma ta ƙi ɗanɗana madarar, wai sai ranar da ta kwana ta zama kindirmo.

Ranar ta zo. Inna ta tatsa cikin sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta aika aka kira ni daga Jega, aka kira matan unguwa da suka sha alkawari shekara da shekaru. Da safe kindirmo ya kama, fari tas, ludayi na tsayawa a ciki. Aka dama fura, aka fara miƙa wa baƙi.

Matan Aliero suka sha, suka lumshe ido. Ɗaya ta ce lalle Fulani sun iya. Wata tsohuwa ta ce ita tunda take ba ta taɓa shan nonon da ya dace da bakinta haka ba. Ba ƙarya suke yi ba, kuma wannan ne abin takaicin. Ni da zaman Jega ya ɗan wanke mini hanci, ina kurɓa na ji kamar an dama mini fura da miya. Na dubi Inna. Ita ce ta ƙarshen ɗauka. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye yadda ake haɗiye magani.

Baba da ke zaure yana jin yabo ya kasa haƙuri. Ya leƙo, fuska cike da fara'a, ya ce, "To, ku gode ma albasa! Ni nika ba ta kullum da sahe!"

Mata suka yi ta sa masa albarka.

Da suka watse na zaci za a yi faɗa. Da ma an yi. Inna ta tattara ludaya, ta ce ba tare da ta ɗaga murya ba, "Malam, shekara arba'in ina cin albasarka, ina shaƙarta, cikinta nih haihi ɗiyana. Ƙwarya guda nir roƙa wadda babu kai ciki."

Baba ya tsaya riƙe da hularsa. "Na ga ta rame," in ji shi. Na ji haushinsa ranar har na kasa gaishe shi da zan tafi, kuma na ji tausayinsa tun kafin mota ta fita gari.

Malamin dabbobi da aka kira ya ce albasa in ta yi yawa tana shanye jinin saniya, sa'a aka yi. Aka kafa wa Baba doka. Daga ranar in zai wuce turke sai ya buɗe tafin hannunsa biyu, kamar direba a shingen 'yan sanda. Bayan 'yan kwanaki nono ya washe. Inna ta kwantar da wani, wannan karon ba ta kira kowa ba. Ina zaune ta shanye.

"Inna, shi na?"

"Shi na," in ji ta. Ta tashi ta wanke ƙwarya ta kife. Daga ranar ba ta ƙara tsoma ludayi a nonon kowa ta yanke hukunci ba, kuma ban yi zaton zan yi kewar wannan ba.

Baba ya rasu da damina. Gajeriyar jinya ya yi, har ranar ƙarshe yana cewa a yanka masa albasa a ajiye kusa da kai. Wannan karon ba ta yi aiki ba. Saniya ta ƙafe, ta sake ɗaukar ciki, ta haihu bayan Inna ta daɗe da fita takaba.

Na zo gida wani ƙarshen mako, Inna ta miƙo mini kindirmo. Kurɓar farko na ji albasa. Na ce a raina saniya ta tsinke igiya ta shiga rudun yayyena da suka ci gaba da noman Baba, sai na shanye don kada in ɓata wa Inna rai. Da safe na fito alwala na hango Inna a turke, ta kwance bakin zanenta, tana miƙa wa saniya ɗanyen lawashi da 'yar albasa guda da ta yanka biyu.

"Inna! Likita hwa ya hana."

"Kaɗan na. Ba shi taɓa ta."

"Ba ke kinka ce ƙwarya guda kika so..."

"Na ce," in ji ta, ba ta juyo ba. "Na sha irin na rugarmu. Ban iske kowa ba ciki."

Ta saki maraƙi ya kama hantsa, ta jira saniya ta sako, sannan ta durƙusa ta ce in miƙo mata ƙwarya.