Doña Herminia da Gidan Halvorsen

Ƙarfe shida na safe Doña Herminia Xol take fitowa, da 'yar jakarta mai safar hannu da man shafawa, da tortila uku, wainar masarar mutanenmu, a naɗe cikin ƙyalle. Gida huɗu take zagawa kullum a wannan ɗan garin namu na Nebraska. Ta ɗaga tsoho daga gado, ta yi masa wanka, ta ba shi magani, ta wuce gida na gaba. Shekara ashirin da shida ke nan da ta baro Guatemala tana wannan aiki, sai a watan jiya gwiwoyinta suka ce ya isa.

Inda ta fi daɗewa shi ne gidan Dwight Halvorsen, tsohon manomin masara, wanda matarsa Lorraine ta kamu da ciwon mantuwa. Lorraine ta manta sunan 'ya'yanta, ta taɓa cizon ma'aikaciyar asibiti, amma in Herminia ce ta ɗauki mataji sai ta miƙa kai.

Wata shekara aka kira taron gari a kan a hana ba mutanenmu baƙi hayar gida sai sun nuna takardun izinin zama. A lokacin takardun Herminia ba su fito ba, in dokar ta wuce, ita da 'ya'yanta biyu sai titi. Tana zaune a baya tare da maƙwabciyarta Crisanta sai ga Dwight ya miƙe.

"Sun cika mana gari," in ji shi. "Su koma inda suka fito."

Aka yi masa tafi. Crisanta ta zungure ta. "Ba shi ne kike wanke wa mata ba? Gobe ki yi kwanciyarki, ya wanke abarsa mu gani."

Washegari Herminia ta je gidan Dwight. Ya buɗe mata ƙofa da kofin kofi a hannu, kamar kullum.

"Na ji ka jiya, Mista Dwight."

"Ai ba da ke nake ba. Ke daban ce."

"Daban da wa? Ƙanena ne yake yanka naman da kake ci. Mijin Crisanta ne ya gyara maka rufin nan."

"Su ma ba da su nake ba."

"To da wa kake?"

Ya tsaya yana kallon kofin. Daga ciki Lorraine ta fara kuka, Herminia ta ajiye jaka ta shiga.

Dokar da ƙyar ta faɗi. Dwight da bakinsa ya gaya mata ya jefa wa dokar ƙuri'ar goyon baya, kuma a cikin satin nan shi ya kai ta asibiti da motarsa, ranar da ta zame a ƙanƙara. Da Lorraine ta rasu, hannunta cikin na Herminia, sai ya zaunar da Herminia a layin dangi a coci ranar jana'iza. Har yau Herminia ba ta san a inda za ta ajiye mutumin nan ba. Mu ma da muka ga abin ba mu sani ba.

Ranar da muka yi mata walimar sallama ya zo da sandarsa, takarda mai kiran a kori baƙi tana nan manne a bayan motarsa. Ya ci, ya ƙara, sannan ya ce, "Yanzu wa zai riƙa zuwa mini? Ba ki da wata 'yar'uwa?"

Ta rubuta masa lambar 'yar ƙanwarta.

"Ke kam na kasa gane ki," in ji Crisanta.

"Ni ma ban gane ba. Amma ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa yanzu."

Doña Herminia, ke ce kika shiga ɗakunan da 'ya'yan gida suke toshe hanci a bakin ƙofa. Ke ce kika ji zagi da yamma, kika ɗora ruwan wanka da safe, ba don ba ki ji zafi ba. Mun gode, uwar tsofaffi. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi.

Masu tasowa a cikinmu, ku koyi hannunta, ku koyi kuma yadda take kallon mutum ido da ido ta tambaye shi. Ku kuma 'yan gari, kafin ku sake ɗaga hannu a taro, ku leƙa ɗakin iyayenku ku ga wa yake riƙe da cokalin.