Ƙugiyar Ɗanasabe Ba Ta Karye Ba

Ranar Talata, tara ga watan Satumba na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Ɗanasabe Mai Walda a gidansa da ke Rafin Guza, bayan kwana huɗu yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Shekarunsa sittin da huɗu. Wanda ya ba mu aron sa ya karɓi abinsa, mu ma gare shi muka nufa. Mun kai shi makwancinsa bayan la'asar, ana yayyafi.

Malam Ɗanasabe, ban ɗauki alƙalami don in yi maka kuka ba, kukan na yi shi a gida. Abin da ya sa ni rubutu wata magana ce da na ji a wurin zaman makokinka. Wani mutum, wanda da bakinsa ya sha yaba mini aikinka, ya sunkuya ya ce da na kusa da shi, "Allah dai ya yafe masa haƙƙin matar nan ta Rigachikun." Na kusa da shi ya ce amin. Ina zaune a bayansu, kunnena ya ji, bakina ya mutu, kamar yadda ya mutu wata uku ke nan. To yau ya buɗe. Wanda ya faɗa da wanda ya ce amin, duk ku saurara: babu haƙƙin matar nan a wuyan Ɗanasabe. Ƙugiyar da ya ƙera ba ta karye ba. Ni na san abin da ya karye, domin da hannuna na sa shi.

Ni direba ne a wata ma'aikatar gwamnati mai gyaran rijiyoyin burtsatse, shekara talatin da ɗaya ina tuƙa akori-kura. A teburin shugaban sashenmu akwai takardar kwamitin bincike tana jiran sa hannuna, ta ce ƙugiyar da wani mai waldar bakin titi ya yi ce ta ɓalle ta jawo haɗari. Saura wata huɗu in yi ritaya. An gaya mini, cikin lafazi mai taushi irin na ofis, cewa in na sa hannu zan tafi da mutuncina da fanshona, in kuwa na faɗi wani abu daban, ba wanda zai iya tsaya mini. Na ji. Ba zan sa ba.

Shekara goma sha takwas da suka wuce na fara shiga rumfarka, an aiko ni a sa wa motarmu ƙugiyar jan ƙaramar tirela. Ina gaggawa, na nuna maka bamba na ce ka ɗan liƙa ƙarfe a nan in wuce. Ka ɗaga gilashin walda ka dube ni tun daga hula har takalmi, ka ce, "Gwamnati, a jikin bamba? Kana so ka isa Zariya, tirela ta tsaya a Kawo tana jiranka?" Daga ranar ban sake jin sunana a bakinka ba, sai Gwamnati. Kwana biyu motar ta yi a wurinka. Ka shige ƙarƙashinta da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasa shasi, wato ƙashin motar, kana saurare, ka tambaye ni abin da zan ja, da nauyinsa, da irin hanyar da zan bi da shi. Ka yanka ƙarfe mai kauri daidai faɗin shasin, ka huda, ka ɗaure da noti, sannan ka bi da wuta. Na yi ta tsaki a zuci, ina cewa wannan mutum ya cika iyayi.

Duk wanda ya san rumfar ya san mangwaron da ke bayanta. In ka gama ƙugiya, ba a biyan kuɗi sai an je gindinsa. Ka ɗaura sarƙa a kututture, ɗaya bakin a ƙugiya, ka ce da mai mota ya shiga ya ja. Sai taya ta yi ta juyawa tana tona ƙasa, kai kuma kana tsugune kana kallon inda ka bi da wuta, ba ka ƙiftawa. Wani ya ce za ka lalata masa kuloci, ka ce gara ya lalace a nan inda akwai inuwa. Jikin bishiyar nan duk tabon sarƙa ne. Mutumin da yake haka da aikinsa shi ne yau ake kira mai aikin bakin titi, daga bakin waɗanda ko sifana ba su iya riƙewa ba.

Kana da zafi, ba zan ɓoye ba, kuma zafin ya sha korar maka masu kawo aiki. Ina wurin ranar da wani babban mutum ya kawo sabuwar mota yana so a yi mata bamba mai tsinaye a gaba, irin wadda za a hango a kauce. Ka ce masa bamba don kare mota ake yin ta, ba don farke cikin ɗan acaɓa ba, ya kai wa wani. Ya ce ba ka san ko shi wane ne ba. Ka ce ka sani, shi ya sa ba za ka yi ba. Duk bambar da ta fito daga hannunka sai ka lanƙwasa bakinta ka goge kaifinta, ka shafa da tafin hannu ka ji ko za ta yanki yaro. Motar unguwa da ake ɗaukar gawa kai ka yi mata bamba da matakala don tsofaffi su iya hawa, aka yi aka yi ka karɓi ladan hannu ka ƙi. Ita ce ta ɗauke ka ran Talata.

Yanzu ga abin da ya faru, a rubuce, don kada wani ya ce ji ya yi.

Ƙugiya da bakin tirela, wata ƙusa ce mai kauri take haɗa su, a zura ta daga sama ta kulle. Ƙusar Ɗanasabe daga ƙarfen shaf na tsohuwar mota yake fitar da ita, ba ta lanƙwasuwa, kuma yakan rataye ta da siririyar sarƙa don kada ta ɓace. Ni na tsinke wannan sarƙar tun bara, wai ƙararta na damuna. Ranar Laraba, sha takwas ga Yuni, na zare ƙusar na daki tayar da ta ƙi fita, na manta ta a wurin mai faci. Washegari da safe aka ce mu kai injin wuta wani ƙauye bayan Rigachikun. Na duba babu ƙusa. Ana gini a harabar ofis, na tsinci guntun rodi na zura, na lanƙwasa kansa. Akwai kuma babbar sarƙar tsaro da Ɗanasabe ya sa a ƙasa, wadda ko ƙusa ta karye za ta riƙe tirela. Maƙala ta sai mutum ya durƙusa. An kwana ana ruwa, ƙasa duk caɓi, ni kuma ina sanye da sabuwar farar shadda don zan wuce wurin suna in mun dawo. Ban durƙusa ba.

Muna gangarawa cikin Rigachikun na faɗa wani rami, na ji ƙas. Na duba madubi na ga tirela tana tafiyarta ita kaɗai. Ta sauka daga titi ta bi ta kan teburin wata mata mai gasa masara, Deborah, uwar 'ya'ya huɗu, ta karya mata ƙafar hagu gida biyu. Kafin a kai ta asibiti shugaban sashenmu ya iso, ya tsaya daga nesa ya ce, "Dama na faɗa, aikin bakin titi ke nan." Da na ce uffan a lokacin, da magana ta ƙare. Na sunkuyar da kai.

Washegari ka zo harabar ofishinmu ba wanda ya kira ka. Ka kwanta a ƙasa da kayan jikinka ka shige ƙarƙashin motar. Ƙugiyarka tana nan daram, ko tsagewa babu. Na ga ka sa yatsa a ramin ƙusa ka zaro ragowar rodin da ya maƙale, ka juya shi sau biyu, ka jefa a aljihu. Ka fito ka kakkaɓe jikinka, ka zo dab da ni yadda ba mai ji.

"Gwamnati, saura wata nawa ka ajiye aiki?"

Na ce bakwai.

Ka ce, "To, Allah ya kai mu." Ka juya ka tafi.

Na bar ka da ita, Malam Ɗanasabe. Na ga yadda magana ta bi gari, daga kasuwar Panteka har garejin Kawo. Manoman da suke kawo maka motocinsu gabanin kaka, bana ba su zo ba. Wani ya kai motarsa wata rumfa aka yanke ƙugiyar da ka sa masa shekara tara tana aiki. Kai kuma duk Asabar kana asibiti wurin Deborah da ledar lemo. Ka auna tsayinta da igiya, ka ƙera mata sandunan dogarawa da bututu mara nauyi, ka naɗe hannunsu da roba. Mutane suka ce ai ga shi nan, laifinsa ne yake cin sa. Sau uku ina zuwa bakin rumfarka don in ce ka bari in faɗa, sau uku kana tare ni da zancen damina da tsadar ƙarfe har in tashi. Na so ka hana ni, shi ya sa na hanu. Ba zan ce baƙin cikin ne ya kashe ka ba, ajali na Allah ne, amma na san da wane nauyi ka yi watanninka na ƙarshe, kuma na san mai shi.

Ranar sadakar uku maiɗakinka, Malama Zuwaira, ta aiko a kira ni zaure. Tana daga bayan labule ta miƙo wani abu naɗe a tsumma. Ta ce, "Malam Abdurrahim, ya ce in ya riga ni in jefa wannan a kogi, kada kowa ya gani. Na kai bakin gada na kasa. 'Ya'yansa ne za su ci gaba da zama a rumfar nan da sunansa. Ga shi, kai ka san na wane ne." Na warware tsumman, sai ga guntun rodin nan.

Ka yafe mini, wannan karon ba zan bi maganarka ba. Ka rufa mini asiri kana da rai, kana da ikon yin haka da sunanka. Yanzu sunan ba naka ba ne kai kaɗai, na marayunka ne, kuma ba zan ci fansho a kansa ba.

Jiya na je Rigachikun na sami Deborah zaune a ƙofar gida, sandunan suna jingine kusa da ita. Na gaya mata komai, har zancen shaddar. Ta daɗe tana kallon ƙafarta. Sai ta ce, "Oga direba, wato duk zuwan nan da Baba yake yi, ba shi ya yi mini ba?" Na ce ba shi ba ne. Ta ce, "Ni kuwa ranar farko har zagin sa na yi, ya ce in yi haƙuri." Ta rufe fuska da zane. Ban roƙe ta gafara a lokacin ba, na ga ban kai ba tukuna, zan koma.

Ga shugaban sashenmu da 'yan kwamitinsa: ranar Litinin da ƙarfe takwas zan shigo da guntun rodin nan in ajiye a kan takardarku. Motar tana harabarku, ƙugiyar tana jikinta, duk mai shakka ya cire babbar riga ya durƙusa ya duba. Ku rubuta mini takardar tuhuma, ku kafa wani kwamitin, ku yi abin da dokar aiki ta ce, na cancanta. Amma sunan Ɗanasabe ku cire shi daga bakinku da takardunku. Masu motocin da suka gudu kuwa, rumfa tana buɗe, mangwaro yana nan, ku kawo duk ƙugiyar da ya taɓa yi a ɗaura mata sarƙa a gaban jama'a.

Ya Allah, ga bawanka Ɗanasabe ya zo maka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ya rufa asirin wanda bai cancanta ba, ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka sanya ciwonsa da abin da ya haɗiye su zama kaffara, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Deborah lafiyar ƙafarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Zuwaira, da 'ya'yansa bakwai, da 'yan'uwansa, da masu walda na Rafin Guza da Panteka. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ku ɗaga kanku, mahaifinku bai cuci kowa ba. In kuma akwai wanda har yanzu yake neman wanda zai roƙa wa yafiyar haƙƙin matar Rigachikun, ga sunan da zai sa a addu'arsa.

Abdurrahim Lawan,
direban da ya sa rodin,
Unguwar Dosa, Kaduna.